Ɗana Direba, Kada Ka Gudu Ka Bar Sunanka a Baya

Ɗana, na san inda kake zaune. Kana kan benci a bakin gareji, ko a Obollo-Afor, ko a gindin gadar Anaca, ko a wurin fakin tireloli na hanyar Onne, kana kallon abokan aikinka suna ɗaure tamfol suna tayar da mota, kai kuwa babu makulli a aljihunka. An sallame ka. Da wannan kaɗai ne da sauƙi, domin ba a kanka aka fara ba. Abin da ya fi ci maka rai shi ne duk alhajin da ka je wurinsa sai ya karɓe ka hannu biyu, ya ce ka dawo jibi, in ka dawo ka tarar fuska ta canza. Tsakanin yau da jibin nan ya kira tsohon ubangidanka, an faɗa masa abin da aka faɗa masa. Da kai nake, kuma ina roƙonka ka kai zuciya nesa ka saurare ni har ƙarshe.

Kafin ka ce an zalunce ka, ka tsaya ka gane abin da ya sa bakin mutum ɗaya yake iya tsayar maka da abinci a garuruwa uku. Mutanenmu da suka zauna a Inugu da Anaca da Fatakwal ba su zo da gona ba, ba su zo da sarauta ba. Jarinsu shi ne a yarda da su. Malam Umaru Altine, ɗan kasuwar shanu daga ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950, kuma mafi yawan waɗanda suka zaɓe shi ba yarensu ɗaya da shi ba. Zama suka yi da shi suka shaide shi. Wani mai bincike, Abner Cohen, ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan, ya fitar da littafi a 1969 yana bayanin yadda ake ba mahauta shanu bashi, babu takarda babu sa hannu, sai maganar maigida da ta dillali, da yadda kasuwa take juya wa wanda ya saɓa alkawari baya. Abin da ya gani a Ibadan shi ake yi har gobe a kasuwar shanu ta Ugwuoba da ta Lokpanta da Garkin Inugu. A cikin wannan tsari sana'ar tuƙinmu ta taso, shi ya sa ko mai mota bai iya karatu ba, ya san wanda zai kira ya ji labarinka.

Ka kuma sa kanka a wurin mai mota. Ya sayi DAF ko MAN ko Howo da miliyoyin da wataƙila rabinsu bashi ne. Ya ɗora mata albasar Aliero, ko waken Dawanau, ko shanun Potiskum, dukiyar mutane da yawa a lodi guda, ya miƙa maka, ka ɓace masa a hanyar da ta haura kilomita 1,000 kafin ka shiga Fatakwal. Ba ya Lokoja, ba ya Makurɗi, ba ya mahaɗar 9th Mile a lokacin da kake yanke shawara kai kaɗai cikin dare. In tanka ce kuwa, ba dukiya kaɗai ya damƙa maka ba, har da rayukan mutanen da ba su san da zuwanka ba. Mutanen Anaca ba su manta da Oktoban 2019 ba, ranar da tankar mai ta faɗi a Upper Iweka wuta ta bi lambatu har ta cinye shaguna a kasuwar Ochanja. Na Fatakwal ba su manta da motocin da suka ƙone cikin cunkoso a hanyar Eleme a Afrilun 2024 ba. Na Inugu suna tuna Janairun 2025 a gangaren Ugwu Onyeama. Ban ɗora wa direbobin laifin dukkan waɗannan ba. Hanya tana da nata kason, mota tana da nata. Amma mai tankar da ya ga irin wannan, in ya bincika halinka kafin ya ba ka mota, ba ƙiyayya ba ce. Haƙƙinsa ne. Addini ma ya ba shi: malamai irin su Imam Nawawi sun lissafa wuraren da faɗin aibin mutum ba ya zama giba, ciki har da idan an nemi shawararka kan wanda za a ba amana.

Saboda haka tambayar farko taka ce, ba ta tsohon ubangidanka ba. Abin da ya faɗa, gaskiya ne ko ƙarya? Ka amsa wa kanka a inda babu kowa, domin abokan majalisa suna sonka, za su ba ka gaskiya ko ba ka da ita. Na tsufa a cikin harkar nan, na san abubuwan da ake yi a hanya. Ana zuƙe man gas a jarka a sayar a bakin titi, a ce ai ragowar hanya ce, rabon direba ne. Tun da litar gas ta haura naira 1,000, jarka biyu a tafiya ɗaya ta kusa albashin wani na wata guda, kuma mai mota yana lissafi ko bai yi magana ba. Ana ɗora fasinja a kan buhuna, ko a saman motar shanu, a karɓi kuɗinsu a sa aljihu, in mota ta kife a rasa amsar da za a ba iyayensu. Ana miƙa wa yaron mota sitiyari a koma baya a kwanta, yaron da ko lasisi ba shi da shi. Ana cire sabuwar taya a sa tsohuwa. Ana kashe waya kwana biyu a wani gari saboda abin da ni da kai muka sani. Ana haɗiyar tiramol don a kori barci, shi kuwa barcin sai ya jira ka a kan kwana. In ɗaya daga cikin waɗannan aka faɗa a kanka, kuma ka aikata, to ba a ɓata maka suna ba, ɗana. An faɗi abin da ya faru ne, kuma zafin da kake ji ba na zalunci ba ne.

In haka ne, hanyarka ta bi ta ƙofar gidan da aka kore ka. Na san ita ce ƙofar da ƙafarka ta fi ƙin takawa. Kada ka yi ta waya, kada ka aika saƙo. Ka sami dattijo wanda yake jin nauyinsa, wakilin Sarkin Hausawa ne, ko limamin masallacin da yake salla, ko ciyaman na reshen ƙungiyarku, ku tafi tare. In kun zauna, ka faɗi abin da ka yi da bakinka, ba tare da ka naɗe shi cikin uzuri ba. Ka tambayi abin da ya yi asara, a ƙididdige a gaban shaidu, a yanka maka biya kaɗan-kaɗan yadda za ka iya, ka fara ajiye wani abu a ranar ko da ƙarami ne. Sannan ka roƙi abu guda. Ba ka roƙe shi ya mayar da kai ba, ba ka kuma roƙe shi ya yi maka ƙarya ba. Ka ce: Alhaji, in an sake tambayarka a kaina, ka faɗi abin da na yi, amma ka haɗa da cewa na zo da ƙafata, na amsa, ina biya. Na ga masu mota da yawa da wannan magana ta sanyaya musu jiki. Wanda kuwa ya ƙi sauka, ka bar shi. Dattijon da ya raka ka ya ga abin da ya gani, kuma daga ranar kana da bakin da zai yi magana a kanka ban da nasa.

To, in kuma kashin kaji aka shafa maka fa? Yana faruwa, kuma ba kaɗan ba. Akwai direban tankar da aka ce mansa ya yi giɓi alhali tun daga defo awon bai cika ba, shi kuma ya sa hannu cikin sauri don layi ya yi tsawo. Akwai wanda ya yi ta roƙo a canza masa taya ana ce masa ya lallaɓa ya yi tafiya ɗaya, ranar da ta fashe aka ce gudu yake yi. Akwai wanda manaja ya ci kuɗin hanya ya rubuta cewa ya ba shi. Akwai wanda laifinsa kawai ya nemi albashinsa na watanni da aka riƙe, aka ga hanyar da ta fi sauƙi ita ce a kira shi ɓarawo. Wannan ciwo ne mai cin rai, kuma ba zan ce maka ka haɗiye ka yi shiru ba. Ka tuna Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Da aka zo fitar da shi daga kurkuku bai yi rawar jiki ya fita ba, sai da ya nemi sarki ya binciki maganar da aka ɗaure shi a kanta, gaskiya ta fito a bainar jama'a. Neman wanke kai ba rashin haƙuri ba ne.

Amma akwai yadda ake yi. Kada ka ɗauki murya kana zagi ka tura a WhatsApp. Wannan muryar za ta riga ka isa Kano, kuma wanda bai yarda da maganar ubangidanka ba a da, zai yarda da ita in ya ji taka. Ka fara da gano ainihin abin da ake faɗa. Ka sa wani mai hankali ya tambayo maka, domin sau da yawa abin da kake zato dabam, abin da ke yawo dabam. Sannan ka tattara abin da ke hannunka: takardun lodi, rasiɗin shan gas, saƙon da ka tura kana ƙorafin taya ko birki, sanarwar banki da ke nuna nawa aka turo maka da ranar da aka turo. Ka tuna mutanen da suka ga aikinka: bakanike, ɗan kamasho, yaron motarka, dillalin da kake sauke wa kaya a Ose ko a Oyigbo. Da waɗannan za ka je gaban ƙungiya. Masu motoci suna da NARTO, direbobi suna da NURTW, direbobin tanka suna da reshensu na PTD a ƙarƙashin NUPENG. Kuɗin da ake karɓa a hannunka kowace tafiya na irin wannan rana ne, kada ka ji kunyar neman a zauna a kan maganarka.

In an zauna abin bai warware ba, hukuma tana nan. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ce a ba ma'aikaci rubutattun sharuɗɗan aikinsa kafin ya wuce wata uku da farawa. Ta kuma tsara sanarwar sallama: mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku bai kai shekara 2 ba, mako biyu ga wanda ke tsakanin shekara 2 da 5, wata guda ga wanda ya kai 5 ko ya wuce, sai fa in babban laifi ya yi, wanda ake iya korarsa nan take. Kotun ma'aikata ta ƙasa tana zama a Inugu da Fatakwal da Awka, kuma ita ke sauraron ƙarar albashin da aka riƙe da korar da ba ta kan ƙa'ida. Ina faɗa maka wannan don ka san ba ka rasa gata ba. Sai dai ra'ayina, ka ajiye kotu a ƙarshe. Shari'a tana cin lokaci da kuɗi, mafi yawanku an ɗauke ku aiki ne da baki, kuma hukuncin alƙali yana iya karɓo maka albashinka amma ba zai sa wani alhaji ya ba ka mota ba.

Yanzu ga abin da na fi jin tsoro a kanka. Shaiɗan zai raya maka ka bar Anaca ka koma Fatakwal, ko ka tsallaka Warri ko Kalaba, ka ce daga Arewa ka zo yanzu, ka share shekarun da ka yi a gidan da aka kore ka kamar ba a yi su ba. Wani ma zai ba ka shawara ka canza suna ka yi sabon lasisi. Kada ka soma. Lasisin yanzu da hoton yatsunka ake yin sa, lambar NIN da ta banki suna bin ka duk inda ka je. Ko babu wannan ma, hanyar ɗaya ce. Wanda ya tashi daga Lafiya da wanda ya biyo ta Lokoja duk a Obollo-Afor suke shan shayi, kuma kafin ka yi tafiya uku wani zai hango ka ya ce, ashe wane a gidan wane yake yanzu. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ranar da sabon ubangidanka ya ji daga bakin wani, laifinka ya zama biyu, kuma na biyun babu dattijon da zai raka ka a kansa. Ka riga kowa faɗa. Tun zaman farko ka ce: Alhaji, na yi aiki a gidan wane, mun rabu a kan kaza, ga yadda aka yi, ga lambarsa, ga kuma lambar dattijon da ya shiga maganar. Wasu za su sallame ka nan take. Wanda ya riƙe ka bayan ya ji wannan, babu wanda zai sake zuga shi a kanka.

Ka kuma yarda ka sauko. Mutumin da ya saba jan tirela mai ɗaukar kwantena daga Onne yana ganin ƙasƙanci ne a gan shi a motar kanta yana jigilar buhuna daga gindin gada zuwa Nnewi, ko a tifa yana kwasar yashi, ko a matsayin direba na biyu a ƙarƙashin wanda ya girme wa. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Gajeriyar tafiya tana da wani amfani da doguwa ba ta da shi: kullum ana ganinka. Mai kaya yana ganin lokacin da ka zo, mai mota yana karɓar balas da yamma, ɗan kamasho yana ganin ba ka da rigima. Wata shida na irin wannan sun fi rantsuwa dubu, domin sabuwar shaida ce da idon mutane ya gani.

A cikin kwanakin jiran nan ka gyara takardunka. Tirela da tanka lasisi mai aji G suke buƙata; in naka ya mutu ka sabunta ta hanyar hukuma, ba ta hannun ɗan kan titi ba. Manyan kamfanonin siminti da taki da mai sukan gwada tuƙi, su duba ido, su yi gwajin ƙwaya, su kuma nemi masu tsaya maka. In ka san jininka ba zai wuce gwaji ba, ka daina tun yau, in abin ya fi ƙarfinka ka je asibiti, ba abin kunya ba ne. Motocin da ke aiki da iskar gas suna ƙaruwa, matatar Dangote kaɗai ta sanar da kawo guda 4,000 a 2025, don haka duk inda ka ji ana horar da direbobi a kansu ka kai kanka. Ka kiyayi masu cewa ka kawo kuɗin fom su sama maka aiki a kamfani. Mutumin da ke cikin matsi shi suke nema. Ka kuma gaya wa iyalinka gaskiyar halin da ake ciki, ko suna nan tare da kai ko suna gida Arewa. Matar da ta san an sallami mijinta za ta tattala abin da ke hannu. Kada ka ci bashi don ka ci gaba da aika abin da ka saba aikawa.

Batun mai tsaya maka kuwa, ka san nauyinsa. Dattijon da ya sa hannu ya manna hotonsa a takardarka ya jinginar da mutuncin da ya yi shekaru yana tarawa a garin da ba nasa ba. In ka ci amanarsa, ba kai kaɗai ka faɗi ba. Yaro na gaba da zai zo masa da irin matsalarka zai tarar ƙofa a rufe.

In Allah ya sa aka ba ka mota, kada murna ta hana ka abin da ya kamata. Ka zagaya ta da bakanike a gaban mai ita ko wakilinsa, a ƙirga tayoyi a duba lambobinsu, a duba batir da jak da sifiya, a auna gas ɗin da ke tanki, ka ɗauki hoto da wayarka. Ka sayi ƙaramin littafi ka riƙa rubuta kowace naira: ta gas, ta shingaye, ta ƙungiya, ta faci. In kai ba ka rubutu, yaronka ya rubuta. In tanka ce, kada ka sa hannu a awon da idonka bai gani ba, ko layi ya kai ina. Ka bar na'urar da ke nuna inda mota take a yadda ka same ta, haka ma mai taƙaita gudu. Dokar hanya kilomita 60 a awa ta yanka wa tirela da tanka a babban titin ekspres. Ka lissafa tafiyarka yadda Litinin ba za ta same ka a inda ake zaman gida na dole ba, domin tun 2021 ranar ta zama abin lura a garuruwan Ibo da dama. In za ka kwana a inda ba a tsara ba, ka kira ka faɗa kafin a neme ka. In birki ya ba ka alama a 9th Mile, ka tsaya a gyara kafin ka fuskanci gangara, ko mai kaya zai yi ta kira har wayarka ta mutu.

Saura ku alhazai masu motoci, domin na san wannan takarda za ta shigo hannunku. An halatta muku faɗin aibin direba in an nemi shawararku, amma gwargwadon abin da kuka tabbatar, ba abin da manaja ya raɗa muku ba, kuma ba don huce haushi ba. Mutumin da ya ja muku mota shekara biyar lafiya ya yi kuskure a ta shida, in an tambaye ku ku faɗi shidan duka. In kuna riƙe da albashinsa, ku biya shi kafin ku buɗe baki a kansa. In daga baya kuka gano ba shi ya yi ba, duk wanda kuka faɗa wa maganar farko yana bin ku ta biyu, ku kira su ɗaya bayan ɗaya. Ga sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiya a Inugu da Anaca da Fatakwal kuma ina da roƙo: ku hana a riƙa tura hoton direba a wayoyi da sunan ɓarawo kafin a zauna. A kira mai mota, a kira direba, kowa ya kawo takardunsa da shaidunsa, a rubuta abin da aka yanke a ba kowannensu kwafi, yadda duk alhajin da zai tambaya gobe zai sami abin da zai karanta.